Ƙwayoyin bitamin na ido: wane irin raunin gani suke yi wa amfani?

Duk wanda ya shiga babban kemis a 'yan shekarun nan, ko ya bi tallace-tallacen da ke yawo a Facebook da WhatsApp, ba zai rasa ganin kwalaben ƙwayoyi masu hoton ido a jiki ba, waɗanda ake cewa suna ƙara ƙarfin gani ga wanda shekaru suka fara ja. Sau da yawa 'ya'ya ne ke saya wa iyaye, bayan sun lura cewa Baba ya daina gane mai sallama sai ya ji muryarsa, ko Inna ta kasa zura zare a allura, ko karatun Alƙur'ani ya koma sai da ka. Ruɗanin yakan ƙaru idan aka je asibiti, domin likitan ido yana iya rubuta wa wani dattijo waɗannan ƙwayoyi ya ce ya riƙa sha kullum, sannan ya shaida wa na bayansa a layi cewa sayensu ɓarnar kuɗi ce. Maganganun biyu suna iya zama daidai a lokaci guda, kuma dalilin yana cikin irin cutar da ke idon kowannensu da kuma matakin da ta kai, domin cutar da aka tabbatar suna yi wa amfani ita ce lalacewar makula, wato tsakiyar tantanin gani da ke bayan ido.

Raunin ganin tsufa ba cuta ɗaya ba ce

A bakin jama'a magana ɗaya ce, "idona ya yi rauni" ko "ina ganin hazo-hazo", amma a wurin likita wannan ƙorafi yana iya fitowa daga cututtuka da dama da ba su da alaƙa da juna. Mafi sauƙinsu ita ce kasa ganin abin da ke kusa, wadda takan fara daga shekara 40, lokacin da ɗan madubin halitta da ke bayan baƙin ido ya fara tauri. Tabarau ne maganinta. Sai yanar ido, inda wannan madubi ke dusashewa har ya yi fari, kuma ba a san wani magani na sha ko na ɗigawa da ke cire ta ba sai tiyata. Sai gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido (ko da yake matsin ruwan cikin ido ne ke da hannu a ciki, ba jini ba), tana cin jijiyar gani a hankali daga gefe-gefe, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ciwon suga ma yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bayan ido.

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, gilakoma ta biyo baya da kusan kashi 17, kuma kimanin kashi 84 cikin 100 na makantar baki ɗaya ta irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Yankin Arewa maso Gabas ne ya fi kowane yanki yawan makafi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan musabbabai da aka tabbatar cewa ƙwayoyin bitamin na ido suna gyarawa. Cutar da aka gwada su a kanta wata ce daban, wadda rabonta a wancan bincike ƙarami ne.

Lalacewar makula

A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira retina, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, sunansa makula. Da shi ake karatu, da shi ake gane fuska, da shi ake bambance takardar naira 500 da ta 1,000. Idan tsufa ya taɓa wannan wuri, abin da mutum ya kalla kai tsaye shi ne ke ɓacewa ko ya lanƙwashe, alhali yana ganin abin da ke gefensa. Saboda haka mai wannan cuta yana iya kai kansa masallaci ba tare da ɗan jagora ba, amma ya kasa gane wanda ke tsaye a gabansa.

Cutar tana tafiya ne mataki-mataki. Da farko wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, na kitse da furotin, suna taruwa a ƙarƙashin tantanin. A wannan mataki mutum ba ya jin komai, sai likita ya ɗiga maganin buɗe ido ya leƙa ciki zai gansu. A matakin tsakiya ɗigogin sun yi girma ko sun yi yawa. Matakin ƙarshe kuwa iri biyu ne: busasshe, inda ƙwayoyin halittar wurin ke mutuwa sannu a hankali cikin shekaru, da kuma mai ruwa, inda wasu sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa suna yoyon ruwa ko jini, har gani ya lalace cikin makonni. Shekaru ne babban abin da ke kawo ta, sai gado, sai shan taba, wanda ke ninka haɗarin aƙalla sau biyu. Wani nazari da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 196 ne za su kasance da cutar a duniya a 2020, adadin ya kai miliyan 288 a 2040, kuma ya nuna ta fi yawa a tsakanin Turawa fiye da 'yan asalin Afirka.

Asalin maganar: binciken AREDS

Tunanin da ya haifar da waɗannan ƙwayoyi shi ne cewa makula wuri ne da ke shan haske mai yawa kuma yana cin iskar oksijin sosai, abin da ke haifar da wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta, kwatankwacin yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Masana suka yi hasashen cewa bitamin masu kashe kaifin waɗannan sinadarai za su iya rage ɓarnar. Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta ɗauki nauyin gwada wannan hasashe a wani bincike mai suna AREDS, wanda aka fara ɗibar mutane dominsa a 1992, aka bayyana sakamakonsa a 2001. Mutum 4,757 'yan shekara 55 zuwa 80 ne suka shiga, a cibiyoyi 11, kuma an raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu suna shan haɗin, wasu suna shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba ta ɗauke da komai.

Haɗin da aka gwada ya ƙunshi bitamin C miligiram 500, bitamin E awo 400 na ma'aunin ƙasa da ƙasa, bita-karotin (launin tsirrai da jiki ke mayarwa bitamin A) miligiram 15, zink miligiram 80, da sinadarin jan ƙarfe miligiram 2 a kowace rana. An sa jan ƙarfen ne saboda yawan zink yana hana jiki tsotsar sa, wanda hakan kan jawo ƙarancin jini. Waɗannan awo sun ninka abin da jiki ke buƙata a rana sau da yawa, kuma sun wuce abin da ke cikin bitamin na yau da kullum da ake ba marar lafiya don ya ji daɗin cin abinci.

Sakamakon da ya yi suna shi ne cewa haɗin ya rage haɗarin kaiwa matakin ƙarshe da kusan kashi 25 cikin 100 a cikin shekara biyar. Wannan adadi yana buƙatar fassara, domin 'yan talla sukan ɗauke shi su kaɗa shi yadda suke so. A cikin kowane mutum 100 masu babban haɗari da suka sha ƙwayar da ba komai a cikinta, kimanin 28 ne cutarsu ta kai matakin ƙarshe. A cikin 100 da suka sha haɗin, kimanin 20 ne. Ke nan mutum takwas cikin ɗari ne suka tsira saboda ƙwayoyin, ashirin sun sha amma cutar ta ci gaba, sauran kuma da ma ba za ta kai su can ba a wannan tsakani ko sun sha ko ba su sha ba. Ga cutar da ba ta da wani magani a matakin tsakiya, wannan riba ce ta gaske, sai dai jinkirtawa ce kawai: ba wanda ganinsa da ya riga ya tafi ya dawo.

Wannan amfani ya bayyana ne ga rukuni biyu kaɗai, wato masu cutar a matakin tsakiya, da waɗanda ido ɗaya ya riga ya kai matakin ƙarshe ana neman kare ɗayan. Masu matakin farko ba su nuna wata riba ba, kuma da ma ƙasa da mutum biyu cikin ɗari ne daga cikinsu cutar ta tsananta musu a shekara biyar. Binciken ya kuma duba ko haɗin yana hana yanar ido ko yana rage saurinta, bai ga wani tasiri ba.

Gyaran da aka yi a 2013

Tun kafin a kammala AREDS aka fara shakkar bita-karotin. Wani gwaji da aka yi a Finlan kan maza masu shan taba fiye da 29,000, wanda aka bayyana a 1994, ya nuna cewa masu shan bita-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100, sannan a 1996 aka dakatar da wani gwajin a Amurka kafin lokacinsa saboda irin wannan sakamako. Wannan ne ya sa aka shirya bincike na biyu, AREDS2, ƙarƙashin jagorancin Dokta Emily Chew, wanda aka fara a 2006 da mutum 4,203 'yan shekara 50 zuwa 85. An gwada maye gurbin bita-karotin da lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2, launuka biyu na tsirrai da ke taruwa a cikin makula ita kanta, an gwada ƙara man kifi na omega-3, an kuma gwada rage zink zuwa miligiram 25.

Da sakamakon ya fito a 2013, man kifin bai ƙara komai ba, duk da cewa har yau ana tallarsa a matsayin maganin ido. Rage zink bai nuna wani bambanci a fili ba. Sankarar huhu ta kama kusan kashi 2 cikin 100 na masu shan bita-karotin, da ƙasa da kashi 1 na waɗanda ba su sha ba, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu mashaya taba ne da suka riga suka daina. Lutin da ziyazantin sun tsaya a gurbin bita-karotin ba tare da wannan haɗari ba, kuma amfaninsu ya fi fitowa ga waɗanda abincinsu ke da ƙarancin waɗannan launuka. Bibiyar shekara goma da aka buga a 2022 ta ƙarfafa wannan matsayi. Shi ya sa haɗin da ake kira AREDS2 ne likitoci ke nufi a yau, kuma duk kwalbar da har yanzu ke ɗauke da bita-karotin ba ta dace da wanda ke shan taba ko ya taɓa sha ba.

Inda masana suka saɓa

Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka tana ba da shawarar haɗin AREDS2 ga rukunin nan biyu da aka ambata, hujjarta kuwa ita ce gwajin babba ne, an yi shi da tsari, kuma kuɗin ƙwayoyi bai kai ko kusa da asarar da makanta ke jawowa ba. A Ingila an ɗauki wata hanya: a 2017 hukumar lafiya ta ƙasar ta sa lutin da makamantansa cikin jerin abubuwan da bai kamata likitocin unguwa su riƙa rubutawa a kan kuɗin gwamnati ba, bisa dalilin cewa hujjar ba ta kai ƙarfin da za a kashe dukiyar jama'a a kanta ba. Masu wannan ra'ayi suna nuni da cewa ribar da aka gani a AREDS ta fito ne bayan an ware wani ɓangare na mahalarta an duba su daban, cewa kusan duk hujjar ta rataya ne a kan gwaji ɗaya, kuma AREDS2 bai ƙunshi rukunin da bai sha komai ba, tun da kusan kowa a cikinsa yana shan wani nau'i na haɗin farko. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya tana tantancewa, ta yi ta tsaya a tsakani: mai yiwuwa ne haɗin yana jinkirta cutar ga wanda ya riga ya kamu, amma babu hujjar cewa bitamin yana hana mai lafiyayyen ido kamuwa da ita. A kan wannan batu na biyu ɓangarorin duka sun yi ittifaƙi.

An kuma yi jayayya a kan ko ya kamata a gwada ƙwayoyin gado na mutum kafin a ba shi zink, bayan wasu masu bincike sun ce yana iya cutar da masu wani nau'in gado. Cibiyar Ido ta Amurka ta sake nazarin bayananta ba ta ga hakan ba, kuma ba a ba da shawarar yin gwajin. A 2024 wani sabon nazari na tsofaffin bayanan AREDS ya nuna alamar cewa haɗin yana iya rage saurin da busasshen nau'in ke kusantar tsakiyar makula, amma wannan waiwaye ne a kan bayanan da aka tara don wata manufa, bai kai matsayin sabon gwaji ba.

Akwai wani giɓi da ya shafi mai karatu a ƙasar Hausa kai tsaye. Fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi gwaje-gwajen biyu a kansu fararen fata ne 'yan Amurka, masu wadatar abinci, kuma da yawansu suna shan wani bitamin na yau da kullum tun da farko. Likitan da ya rubuta haɗin ga dattijo a Zariya ko Damagaram yana aiki ne da kyakkyawan zato cewa abin da aka gani a can zai yi aiki a nan.

Illoli da abin da ke cikin kwalba

Kasancewar abu bitamin ba ya nufin ba shi da illa, musamman a wannan awo. Zink miligiram 80 ya ninka iyakar miligiram 40 da hukumomin Amurka suka ɗauka a matsayin mafi yawan abin da ya dace baligi ya sha a rana, yana iya ɓata ciki, kuma a cikin AREDS masu shansa sun fi kwanciya asibiti saboda matsalolin mafitsara. Bitamin E mai yawa yana iya ƙara saurin zubar jini ga masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, sannan wani gwaji daban da aka bayyana a 2011 ya danganta awo 400 a rana da ƙaruwar sankarar furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara) ga maza da kashi 17 cikin 100, ko da yake AREDS bai ga hakan a nasa mahalartan ba. Dattijon da ke shan magungunan hawan jini ko suga ko zuciya yana buƙatar likitansa ya san da wannan ƙari.

Sai kuma batun ko abin da aka saya shi ne abin da aka gwada. A Amurka, inda yawancin waɗannan kayayyaki suka samo asali, dokar 1994 ta ware kayan ƙarin abinci daga magunguna, ta yadda kamfani ba ya buƙatar tabbatar wa hukuma cewa kayansa suna aiki kafin ya kai su kasuwa. Kwalabe da yawa masu hoton ido suna ɗauke da lutin kaɗan, ko wasu ganyayyaki da ba a gwada su a kan wannan cuta ba, suna kuma jingina da sunan binciken. A Najeriya lambar NAFDAC tana nuna cewa an yi wa kaya rajista, amma a kan magungunan ganye da dangoginsu akan ga rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Hanyar gane haɗin gaskiya ita ce karanta bayan kwalba a gwada awon da na AREDS2, a kuma lura ko awon na ƙwaya ɗaya ne ko na biyu, domin galibi ƙwaya biyu ake sha a rana kafin a cike shi.

Bitamin A da dundumi

Wani abin da ya ƙara wa tallar karɓuwa shi ne sanin da jama'a suka daɗe da shi cewa bitamin A yana da alaƙa da ido. Wannan gaskiya ne, ƙarancinsa yana kawo dundumi, yana busar da ido, yana iya makantar da yaro, shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi a makon lafiyar mata da yara, ake kuma ƙara shi a sukari da fulawa da man girki, har da tambarin ido a jikin buhu. Amma wannan gyaran rashi ne, kuma matsalar yara da mata masu ciki ce galibi. Dattijon da jikinsa ba ya ƙarancin bitamin A ba zai ƙara gani don ya ƙara sha ba, kuma yawansa yana taruwa a hanta ya yi lahani.

Ta fuskar abinci, lutin da ziyazantin suna cikin ganyaye masu duhun kore kamar alayyafo da zogale, da gwaiduwar ƙwai, da masara mai ruwan ɗorawa, kuma jiki ya fi tsotsarsu idan an haɗa da ɗan mai. Nazarce-nazarce sun nuna masu yawan cin ganye da kifi sun fi ƙarancin kamuwa da cutar, sai dai irin wannan nazari ba ya tabbatar da cewa abincin ne kaɗai dalili. Abinci kuma ba zai kai awon bitamin C da E da zink na haɗin ba, don haka ba ya maye gurbinsa ga wanda likita ya ce yana buƙata.

Abin da wannan ke nufi ga iyali

Ƙwayoyin ana shigo da su ne daga waje, farashinsu yana bin canjin dala, kuma ba na wata ɗaya ba ne, sha ne na shekaru. Iyalin da suka ɗora wa kansu wannan nauyi ba tare da an duba idon dattijonsu ba suna iya kashe abin da ya isa kuɗin tiyatar yanar ido, wadda ke dawo da gani cikin kwanaki. Asarar ta fi muni idan gilakoma ce, domin duk watan da aka yi ana jiran ƙwayoyi su yi aiki jijiyar gani tana ci gaba da mutuwa. Bambance waɗannan cututtuka aikin gwaji ne: auna gani, auna matsin ido, da ɗiga maganin buɗe ido a duba bayansa, abin da ake yi a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da ke Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

Wanda gwaji ya nuna yana matakin tsakiya, aka kuma ɗora shi a kan haɗin, har yanzu yana cikin haɗarin cutar ta juye zuwa nau'in mai ruwa, wanda bitamin ba ya tsayar da shi. Maganinsa allura ce da ake yi a cikin ido ana maimaitawa, da magunguna irin su Lucentis, wanda aka amince da shi a Amurka a 2006, da Eylea, da Avastin, wanda asalinsa maganin sankara ne kuma ya fi su araha nesa ba kusa ba. Allurar ta fi amfani idan an fara ta da wuri, kafin tabo ya zauna a makula. Saboda haka likitoci kan ba irin wannan majinyaci wata takarda mai zanen layuka a tsaye da a kwance da ɗigo a tsakiya, ya riƙa kallonta da ido ɗaya bayan ya rufe ɗayan, domin ido mai lafiya yakan ɓoye laifin ɗan'uwansa. Inda babu takardar, bakin ƙofa ko jerin bulo a katanga ko layin rubutu suna yin aikin. Idan layin da aka sani miƙaƙƙe ya fara lanƙwasa, ko wani duhu ya bayyana a tsakiyar abin da ake kallo, ana son likitan ido ya ga mutumin cikin 'yan kwanaki, ko da ranar da aka ba shi ta komawa asibiti ba ta zo ba.